Ramin gawayinka na dajin Rugu

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ce dai, daga gidanka na Karare.

Babban ɗanka ya sauko da gatarinka daga inda ka rataye shi, ya wasa. Gobe zai shiga daji ƙona gawayi. Na ce bari in faɗa maka, ko da ba ka ji.

Ka tuna shekarun da gyaɗa ta yi daraja? Kowa ya faɗaɗa gona, kowa na son sabuwar garma, maƙeran Batsari da Safana kuwa ba su hura wuta sai da gawayin ƙirya. Har masu guga na birnin Katsina suna aiko da jakuna. Kullum ka dawo baƙi ƙirin, in ce wannan kuma wane aljani ne, ka ce, "Wanda ke ciyar da ke."

Sai Bature ya shata dajin, ya ce ya zama gandu, ba sara, ba ƙuna, wai hayaƙinku na ɓata iska. Malamin daji kuwa ba ya wahalar neman mutum, hayaƙi yake bi. Masu saye ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi.

Kai da kake cewa, "A bar wa rami hanci ya yi numfashi," kai ne ka mai da ramin cikin kwazazzabo, ka yi masa rumfa da zana, ka yaɓe da ƙasa don kada hayaƙi ya tona ka. Da hantsi ka sunkuya ka shiga duba wuta. Da azahar na kai maka abinci. Ƙafafunka na fara gani. Ko ƙuna babu a jikinka, hayaƙin ne ya shaƙe ka.

Ban yi kuka ba, Maigida. Mata suka yi ta kallona, wallahi ba ƙi na yi ba, bai zo ba ne, har yau. Gawayin ramin nan ma an sayar da shi, maƙerin da ya saya ya ce bai taɓa samun mai kyansa ba. Na ce to.

Yau ma to na ce wa yaron. In na hana shi, mu ci me? Abu ɗaya na roƙe shi, ya bar hayaƙin ya tashi, a hango shi tun daga Safana. In an kama shi, an kama. Gidan yari ana shiga a fito.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya dawo mini da yaron da ƙafarsa.

Matarka,
Hajo