Ni na kashe ordinatar, kuma tsoro nake ta tashi

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don babu zagin da ban yi wa kaina ba.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye na yankin Keita. Shekara uku mutanenmu, galibi mata, suna ɗaukar duwatsu a ka suna haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a kan fako har ƙasar ta farfaɗo. Bana kwamiti ya zauna ya raba gonakin, aka ba ni takardar na shigar da sunayen cikin ordinatar ta buro, wato kwamfutar ofishinmu, sannan na yaga takardar, don na ce zamanin takarda ya wuce. Wai ni mai boko! Gona mafi kyau, ta bakin fadama, an ba wata gwauruwa mai marayu huɗu, Inna Hadiza. Alhaji shugabanmu da bakinshi ya tsaya mata.

To ina da kawu, shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya sa ni lakwal, makarantar boko. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, hannunka na cikin tukunya ni in kwana da yunwa? Suna guda ne hwa za ka canza, gonar fadamar ta zama tawa." Kwana uku ina ce mishi a'a, ran na huɗu na kasa. Ranar Juma'a da hantsi na cire sunan Inna na sa nashi, ita na tura ta can saman tudu cikin tsakuwa. Ina danna ajiyewa sai na ji takalmin Alhaji a bakin ƙofa. Maimakon in rufe shafin kamar mai hankali, sai na fizge wayar daga bango.

Tun ranar ba ta sake tashi ba. In ka kunna, fanka ta juya, hoto ya fito a ekaran, wato allonta, ɗige-ɗigen nan su yi ta zagaye, sai ta mutu ta sake farawa. Wani lokaci ta nuna shuɗin allo da rubutun Faransanci wai tana gyara kanta, ƙarya take. Na cire klabiye na buga rubutu da suri, ɗan linzamin nan, na canza waya, na buɗe cikinta na hure ƙura, na zare memuwar, wato ƙwaƙwalwarta, na goge na mayar, har ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo na sauya. So nake ta tashi ina ni kaɗai in mayar da sunan. Ta ƙi. Alhaji ya tambaye ni, na ce kuran, wato wutar lantarki, ne ya ɗauke. Ya ce, "Allah ya kyauta, ba laihinka ba ne." Wallahi da ya mare ni ya fi mini sauƙi.

Yanzu ya kulle ta a ɗakinshi, ya kira mai gyara daga Madawa. Ran Alhamis zai zo, ya ce in ta ƙi zai cire diski, ma'ajiyar bayanan, ya sa a wata, a buɗe a gaban kwamiti. In jerin ya fito, sunan kawu ne a gonar marayu, kuma wa ke taɓa ordinatar in ba ni ba? Da wane ido zan ƙara shiga masallaci? In kuma bai fito ba, sun ce sai dai a sake rabo da ƙuri'a, ga damina ta ƙarato, Inna ta rasa gonar ke nan sai wani ikon Allah. Kawu kuwa ya ce in na ambaci sunanshi, babu ni babu shi har lahira.

Jiya Inna Hadiza ta tare ni a bakin rijiya. Ba ta san komai ba, ta ji dai an ce na'ura ba lafiya. Ta ce, "Ɗana, sannu da wahala, an ce kai ka hi kowa damuwa. Kullum ina sa ka cikin addu'a, Allah shi tashe ta." Na ce amin.

Jama'a, saura kwana biyu. In je wa Alhaji in tona kaina da mutumin da ya raine ni, ko in yi shiru in jira abin da ekaran zai nuna? Don Allah ku gaya mini, me zan yi?