Shirun Mutanen Kwarin Hruska

Kwarin Hruska, Nebraska
Maris, 1962

Zuwa ga ƙanwata Bozhena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar tasa? Yaya ruwan saman Oregon da kike ta kuka da shi? Mu nan lafiya lau, sai dusar ƙanƙara da ta ƙi narkewa, da mijina Lumir da ya ƙi sauyawa. Mun tsufa tare, amma har yanzu sai na tambaye shi abu sau uku kafin in samu "uhm".

Ki gyara zama, maganar makarantarmu ce, mai ɗaki ɗaya ɗin nan. Hukuma na so ta haɗe gundumarmu da ta garin Tilford, a rufe ɗakin nan, a riƙa kwasar yara a mota. Wani jami'in ilimi, Mista Halvorsen, ya zo mana da taswira. Ya cinye mini rabin farantin kolachi, burodin nan namu mai zaƙi, yana bayanin wai yara sun yi kaɗan, malama ɗaya ba za ta iya da aji takwas ba. Na ce masa malama ɗaya ta iya da ni da ke a lokaci guda, wannan kuwa ya fi aji takwas. Ya yi dariya, ya ce za a yi taro a wata mai zuwa, abin da waɗanda suka halarta suka zaɓa shi za a yi.

Ke kin san tarihin ɗakin nan kamar yadda na sani. Baba da maƙwabta suka fara gina shi da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, tun ba su gama gina nasu gidajen ba. Da maciji ya faɗo daga rufi kan teburin malami, suka ɗebo katako a keken doki suka sake gini. Ƙararrawar kuwa, mata ne suka tara ƙwai har aka saye ta. A nan aka koya mana Turanci da bulala, a nan Lumir ya shekara biyu yana kallona bai ce komai ba. Yanzu jikata Arlene za ta fara karatu a lokacin kaka, kuma na daɗe da yi mata alkawarin kujerar Baba ta kusa da murhu. Yarinyar da ba ta iya ɗaure takalminta ba, ita za a jefa a mota tun duhu, a tsallaka da ita gadar rafi cikin ƙanƙara?

Abin da ke ci mini rai shi ne mutanenmu. Kin san halinsu: ba sa cewa a'a, sai dai su ƙi zuwa. Kakanninmu suka zo da shi daga ƙasar da suka baro, inda in ka ce wa ɗan sanda a'a sai ka kwana a ɗaure. Da limamin coci ya so a matsar da maƙabarta, ya kira taro, ba wanda ya je, ya gane, ya bari. Da Emil Kucera ya so a yi wa makaranta koren fenti, shi kaɗai ya zauna da gwangwaninsa. To yanzu duk kwarin ya haɗa baki wai za a yi wa Halvorsen irin wannan shirun, ya sha kunya ya koma. Na bi gida-gida ina cewa mutumin nan ba ɗan kwarinmu ba ne, ba ya jin wannan yaren. Emil ya ce da ni, "Ludmila, ke tun kina yarinya bakinki ke gaba da ke. Shiru ma magana ce." Na ce magana ce ga mai kunnen jin ta.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa.

Yayarki,
Ludmila Vavra

Kwarin Hruska
Afrilu, 1962

Ƙanwata Bozhena,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarki, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Irin furen da kika aiko ya iso, sai dai ban da zuciyar shuka komai a makon nan.

An yi taron. Da yamma na sa rigar coci, na ce wa Lumir ya tashi mu tafi. Ya ce akwai saniya mai naƙuda. Saniyar nan, Bozhena, sai jiya ta haihu. Na tsaya a kansa na faɗa masa duk abin da ke bakina, ya ji ni sarai, sannan ya ce in na dawo in rufe ƙofar rumbu. Na tuƙa motar da kaina, ni da rabona da tuƙi tun yaƙi.

Na tarar da Halvorsen ya jera kujeru har bango, ya dafa kofi a babbar tukunya. Mu biyar muka zo. Ni, da mai gidan man nan na bakin titi da matarsa, waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, da wani mai hayar gona da ban san sunansa ba. Ta biyar ita ce Joyce, matar ɗana, uwar Arlene. Da na gan ta sai na ce na gode Allah, ashe akwai mai hankali a gidanmu.

Halvorsen ya duba kujerun nan da ba kowa, ya yi murmushi, ya ce da alama jama'a ba su da ƙorafi. Na miƙe na yi masa bayanin al'adarmu tun daga kan maƙabarta har koren fenti. Na ce kowace kujera da ya gani fayau, a'a ce zaune a kanta. Ya saurare ni da ladabi, ban raina masa ba. Ya ce, "Uwargida Vavra, na yarda da ke. Amma doka hannu take ƙirgawa, kujera kuwa ba ta da hannu."

Aka ce masu son haɗewa su ɗaga hannu. Hannu huɗu suka tashi, har da na Joyce. Ta ɗaga shi tana kallon ƙasa.

A mota na sauke mata kwandon faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Mama, a can akwai banɗaki cikin gini, da abinci mai zafi, da yara sa'o'inta. Nan ita kaɗai za ta zauna a ajinta." Sai na ce ta rufe tagar, iska na shiga. Ko ba komai ita ta zo ta faɗi abin da ke ranta, wanda ya fi ƙarfin mazan kwarin nan gaba ɗaya.

Washegari Emil ya tare ni a kanti yana washe baki, wai yaya fuskar Halvorsen da ya ga ba kowa? Na ce fuskarsa ƙalau, ya tafi da makaranta a aljihu. Bai yarda ba sai da ya gani a jarida. Yanzu ga su nan suna zarya gidana, kowa da shawarar lauya, kowa da "ai da mun sani". Ihu bayan hari. Ranar rufe makaranta kuwa aka yi liyafa, motoci har bakin gonar masara, ba wurin ajiye faranti. Na tsaya ina kallonsu suna share hawaye da tsiran alade a hannu. Da mutum huɗu cikinsu sun bar gida rannan, da yanzu wani zance ake.

Lumir bai ce komai ba. Ni ma na daina yi masa magana, in ga ko zai ji yarensu. Ya ji, ina tsammani, don ya wanke kwanuka.

Taki har kullum,
Ludmila

Kwarin Hruska
Satumba, 1962

Ƙanwata abin ƙauna,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Da fatan kun shiga kaka lafiya. Mu masara ta yi kyau, gwiwata ce dai ke ba ni labarin sanyi tun bai iso ba.

Kin ce in yafe wa mutane. Ina ƙoƙari. An sa wa haɗaɗɗiyar gundumar suna Tilford-Hruska, wai don a faranta mana. An ba mu rabin suna, an tafi da yara duka. Ɗakin yana nan a kulle, an kwashe kujeru, ta Baba kaɗai na ƙwato, tana kicin ɗina.

Ranar Litinin Arlene ta fara. Daren Lahadi ta zo ta tambaye ni wa zai buga mata ƙararrawa, tun da na ce mata ba a fara karatu sai an buga. A Tilford wani abu ne ke ƙara a bango kamar an taka agwagwa. Na ce ta bar mini wannan. Motarsu ta gaban tsohuwar makaranta take bi.

Na tashi da sassafe, na ga gefen Lumir a gado ba kowa, na ce ya tafi wajen shanunsa, Allah ya bar su tare. Na ɗauki sanda na kama hanyar tudun makaranta ina haki ina mita. Ban kai rabi ba sai ga motar nan mai ruwan ɗorawa ta ɓullo daga gada. Na san ba zan isa ba. Na tsaya a tsakiyar hanya, tsohuwa da sanda, na yi wa yarinya alkawari na biyu zan karya.

Sai ƙararrawa ta tashi.

Direban ya rage gudu. Na hango Arlene ta manna fuska a gilashi tana ɗaga hannu biyu, sauran yaran na leƙe. Da na ƙarasa sai na tarar da Lumir a gindin hasumiyar ƙararrawa, sanye da rigar coci, ya ɓalle kwaɗon ƙofa, igiya a hannunsa. Yana ta bugawa har motar ta ɓace. Muka tsaya muna kallon ƙurar.

Na ce, "Ka zo ke nan."

Ya ce, "Na makara."

Ban ce masa a'a ba, Bozhena, don taron nan da ya ƙi zuwa yake nufi, kuma gaskiya ya faɗa. Na dai riƙe hannunsa muka gangaro, yana tafiya a hankali saboda gwiwata. Kullum yanzu shi ke hawa tudun da safe ya buga ƙararrawa, ba wanda ya sa shi. Ki aiko mini da man zafin nan na ƙafar maigidanki, kafaɗarsa ta fara ciwo, kuma ba zai faɗa ba.

Yayarki mai kewarki,
Ludmila Vavra