Gicciyen Zuma a Goshin Bibiána

Daga gida, kusa da Bardejov
Fabrairu, 2021

Zuwa ga ƙanwata Zdenka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da tsohon da kike jinya a can Ostiriya. Allah ya tsare ku daga annobar nan. Mu nan da sauƙi. Mama ta fara cin abinci, sai dai har yanzu takan manta Baba ya rasu, ta ajiye masa kofinsa da safe. Mijina Vendelín ya koma aikin katako. Da gangan na ƙi kiran ki a waya, don na san ki: ina fara magana za ki fashe da kuka, in koma lallashi, zancen ya bi ruwa. Yau babu lallashi, raina a ɓace yake.

Maganar 'yarki ce, Bibiána. Bari in maimaita miki abin da ya faru a jajiberin Kirsimeti, tunda da alama rabi kika ji. Yarinyar ta tashi da mura, ta ce a ɗakinta za ta ci abinci. Baba ya buga tebur, ya ce tun zamanin kakanninsa ba a barin kujera wofi a wannan cin abincin, wanda duk ya ɓace daga tebur ba ya ganin Kirsimetin gaba. Ya ƙwala mata kira ya ce, "Ke Bibi, ni da na ga tankokin yaƙi a ƙofar gidan nan, murarki ce za ta kore ni? Zo ki zauna, 'yar tsoro." Ta sauko da takunkumi a fuska, shi ya cire mata da hannunsa. Ya tsoma yatsa a zuma ya zana mata gicciye a goshi yadda yake yi mana tun muna yara, ya sumbace ta. Bayan sabuwar shekara aka kai shi asibiti, ko fuskarsa ba mu sake gani ba.

To wa ya san inda ya kwaso cutar? Mutumin da ana dokar kulle bai fasa karta a bayan shagon Gejza ba! Amma ke, ranar jana'iza, kina kallo ta waya, kika buɗe baki kika ce wa yarinya 'yar shekara sha bakwai wai da ta yi zamanta a ɗaki da ba haka ba. Ina tsaye na ji da kunnena. Na san baƙin ciki ne, ni ma ai ubana ne. Sai dai ke kin faɗa kin wuce, ita kuwa a nan ta tsaya.

Ki zo ki ga hannunta, ta wanke shi har ya tsage yana jini. A kan matakala take cin abinci. Mama na shiga kicin, ita tana fita. In lasifikar ƙauye ta saki kiɗan nan da ake sakawa kafin sanarwar mutuwa, sai ta danne kunne da matashi. Ta wuni tana duba adadin waɗanda suka mutu a waya. Malamarsu ta kira ni, ta ce tun Janairu ba ta ji muryarta a darasin intanet ba, ga shi shekararta ta ƙarshe ce a makaranta. Ƙawaye babu damar gani. Ke kuma taimakon da kike yi shi ne turo mata bidiyon asibitoci, da tambayar ko ta wanke hannu. Haba Zdenka!

Ranar Lahadi Mama ta zame a kan ƙanƙara a tsakar gida. Bibi ce kusa. Na fito na same ta tsaye, hannu a miƙe, tana ihun sunana, ta kasa taɓa kakarta. Tsohuwa na ƙasa tana cewa ta kama ta mana, ita tana ja da baya. Ni na ɗaga Mama, ba ta karye ba. Da na koma kan Bibi da faɗa sai ta ce, "Inna Hedviga, ɗaya ya isa. Kada ki sa in ƙara."

Na samo mata wata likita a Prešov da za su riƙa magana ta waya, amma ba bakin likita take jira ba. Ki kira ta ki janye maganarki, dalla-dalla, ba cikin kuka ba. Sannan ki nemi hutu ki taho, ko da za a killace ki a ɗakin baya. Tsohon nan da kike jinya yana da 'ya'ya, su ma su ɗanɗana.

Mama na gaishe ki, da Vendelín, da Kawu Štefan, da yarana Matúš da Alžbetka. Bibi ba ta ce in gaishe ki ba. Tambayata ta yi, wai aiki ne ya riƙe ki a can ko tsoronta kike ji. Na ce mata aiki ne. Kada ki mayar da ni maƙaryaciya.

Yayarki,
Hedviga