Jegon da ya ƙi ƙarewa

Zuwa ga ƙawata Zuwaira, Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan saƙon nan zai same ki, ko ya sami wanda ya san inda kike. Daga Doha nake rubutowa.

Na ga mutumin nan, Zuwaira. Dogon nan mai tabo a gira, wanda 'yan bindiga suka ɗora a kan layinmu lokacin da suka riƙe garinmu. Yanzu shi ne mai gadin ginin da nake shara a Lusail, nan kusa da Doha. An ba shi kaki mai guga, yana buɗe wa mutane ƙofa.

Kin tuna sanda suke bi gida-gida suna neman malaman makarantar boko? Yayana Isa ya rasa inda zai sa kansa. Kina ɗanyen jego kika ce a kawo shi ɗakinki, ai namiji ba ya kutsa kai ɗakin mai jego ko da bindiga a kafaɗarsa. Ke da ƙadangare ke sa ki tara unguwa da ihu! Yaya Isa ya shige ƙarƙashin gadonki, muka tare shi da kwanukan jerenki.

Kullum ni ke hura wuta a tsakar gida, in tafasa ruwan wanka da ganyen darbejiya, don su ga hayaƙi su san mai jego na nan. Kunun kanwa kuwa, ki ɗan kurɓa, sauran a tura ƙasan gado. Aka yi arba'in ba mu sauke tukunya ba. Ummi ta fara zama, kina nan kina wanka da ruwan zafi har fatar bayanki ta saɓule. In na ce ki huta sai ki harare ni ki ce, "Hura wutarki, Hadiza, ni na san ranar warkewata."

Dogon nan mai tabo kuwa yakan tsaya a zaure ya ce, "Wai wannan jegon ba ya ƙarewa ne?"

Ranar da muka fitar da Yaya cikin hijabi, a tsakiyar mata masu zuwa itace, kin ƙi bin mu. Kin ce in hayaƙi ya ɗauke za su gane, su biyo sawunmu. Kika hura wutar da kanki. Daga baya na ji an zo an tafi da ke da Ummi. Ba sansanin 'yan gudun hijirar da ban yi cigiya ba, ban sami wanda ya sake ganinku ba.

Shekaranjiya motar kamfani ta sauke mu, na zo shiga, ya riƙe mini ƙofa. Ya dube ni, ya ce a hankali, "Hadiza, ya mai jego?" Bokiti ya suɓuce daga hannuna. Shugabarmu na ta "yalla, yalla", wato mu yi sauri, na sunkuya na ɗauki bokitin na shige.

Tun daga nan nake ta tambayar kaina. Gatse yake mini don ya san abin da aka yi miki? Ko shi ma bai san inda kike ba? Abokiyar ɗakina, wata 'yar Kumasi, ta ce in kai ƙararsa a sa shi a jirgi, a huta. To in ya tafi, wa zan tambaya? A duk duniya shi kaɗai na sani cikin masu tsaron layinmu lokacin da aka ɗauke ki.

Gobe zan tsaya a gabansa in tambaye shi. Wallahi tsoronsa nake ji. Amma abin da zai fito daga bakinsa ya fi ba ni tsoro, domin har yau, in ana yi wa mamatan garinmu addu'a, ban taɓa bari an kira sunanki ba.

Allah ya sa kina can wani wuri kina yi wa Ummi kitso, kina mitar ta cika motsi. Allah ya tsare mini ku. In kuwa kin riga mu, Allah ya ba ni ƙarfin ƙafa in ji da kunnena, kar in faɗi a gabansa.

Taki har kullum,
Hadiza