Katin da Na Ƙi Karɓa

Hamma Buba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya Adda Mairo da yara? Mu nan Dubeli lafiya, sai kunya.

Ka san 'yata Dija tana karanta tsara manufofin gwamnati a jami'a. Ni ɗan aji huɗu har yau ban gane me ake tsarawa ba. To, wata ƙungiya ta kawo tallafin karatu ga ɗaliban da rikici ya kora daga gida. Dija ta ci jarrabawarsu, na sa babbar riga na raka ta ofis. Matar wurin ta ce, "Baba, ina katin sansani?"

Ka tuna da muka gudo daga Mubi ka sauke mu a ɗakinka, na rantse ba zan bi layin shinkafa a sansanin 'yan gudun hijira ba, inda ake ba da katin? Na ce wa matar kwana uku muka yi a ƙafa, har na cire takalmi na nuna mata yatsan da farcensa bai sake fitowa ba. Ta ce kwamfuta ba ta karɓar yatsa.

Ɗan maƙwabcinmu aka ba tallafin. Ba su taɓa gudu ba, uban dai ya rubuta suna don shinkafa.

A cikin keke Dija ta ce, "Baba, da ka bi layin."

Ka gaishe da kowa, ku sa ta a addu'a. Ni ku bar ni, ina nan da mutuncina.

Ƙaninka,
Sale