Ƙotar Bindiga Mai Lamba Tara

Harlan Ford, Ohio
6 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Darlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Russ da yara. Ubangiji ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sassauta muku sanyin Alaska, duk da dai ke kika zaɓi zama a ƙarshen duniya, ba wanda ya kore ki. Mu nan lafiya lau. Matata Connie ta shuka tumatir a bayan gida, zomaye sun riga mu ci. Mama tana nan da ƙarfinta, sai dai kunne, kuma har yanzu ita ke dafa abincin Lahadi bayan an taso coci, ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya. Na so in kira ki a waya, amma na san halina, zan ɗaga murya, ke kuma ki kashe. Shi ya sa na zauna rubutu, don ki ji ni har ƙarshe.

Kin san shekara goma sha ɗaya ke nan ina bin bindigogin tsohon ofishin 'yan sandan garinmu. Guda ashirin da biyu aka raba musu a zamanin da Baba ke aiki a can, ƙanana masu cin harsashi goma sha biyar, kowace da tambarin gari da lambarta a gefe. Da aka rufe ofishin aka sayar da su duka ga dillalai, takardun kuma suka bi ruwa, ba wanda ya san wa ya riƙe wace. Sai na ce in na tara su duka, dole ta Baba tana ciki. Kin yi mini dariya, kin ce na mai da ɗakin baƙi gidan tarihi. Na haɗiye. Goma sha huɗu na samu, kuma duk wadda ta shigo hannuna sai na juya ta ina tambayar kaina ko ita ce ta kwana a ƙugunsa shekara ashirin.

A watan Maris na je bajekolin bindigogi da abokina Orrin, wanda shi ma tsofaffin bindigogin 'yan sanda yake tarawa. A teburin wani dattijo na hango tambarinmu, lamba tara. Na ɗauke ta na duba. Ƙarfen ya koɗe a baki da gefe, irin koɗewar da kube ke jawowa, wadda mu masu tarawa muke so. Amma katakon ƙotar na hagu an fafe shi, an yi masa wani rami mai santsi daidai inda babban yatsa ke zama. A wurinmu wannan ɓarna ce, abin da ba haka ya fito daga masana'anta ba darajarsa ta faɗi. Kuma akwai wata ɗabi'a tamu da ba ki sani ba: in kana son abu, sai ka kushe shi da ƙarfi, ka ajiye, ka tafi shan kofi, ka bar mai shi yana zufa har la'asar. Haka na yi. Na ce wane sakarai ne ya ɗauki magagari ya yi wa kayan gwamnati wannan ta'asa. Na ce da Sajan Haskins, mahaifina, ya ga wannan, da ya kori mai ita daga aiki a ranar. Har na juya ina nuna wa mutane suna dariya.

Da na dawo da la'asar, babu ita. Orrin ya saye ta. Ya ce ai ya ji na ce ba na so, in kuwa ƙarya nake to in koyi faɗar gaskiya da tsufana. Na zage shi, ya rama, muka ci gurasa da tsiran alade a mota muna dariya. Na ce ba komai, wata rana zan yi masa musaya. Kuma don in nuna ni gwani ne, da muka iso gida na buɗe durowa na ɗauko masa katakon ƙota na asali, sabo fil, na ce ya cire wancan abin kunya ya jefar. Ki riƙe wannan da kyau, Yaya. Da hannuna na ba shi.

Sati uku bayan nan, muna cin gasasshen nama a gidan Mama, na kawo labarin don a yi dariya. Sai na ga ta ajiye cokali. Ta ce in sake faɗa, ramin a wane gefe yake. Na faɗa. Sai ta ce, Lowell, kai dai bakinka ya fi idonka sauri tun kana yaro. Ta ce shekara uku kafin Baba ya yi ritaya sanyin ƙashi ya lanƙwasa masa babban yatsa, ba ya iya damƙe ƙota. Kowace shekara kuwa sai ɗan sanda ya ci gwajin harbi, in ya faɗi a sallame shi. Ni lokacin ina shekarar farko a jami'a, da albashinsa nake karatu. Sai mutumin nan da bai taɓa ajiye mota a inda aka hana ba ya kwance katakon, ya zauna a teburin kicin ya fafe shi daidai yatsansa. Ya ci gwajin sau uku, kowane karo ya dawo ya tsoma hannu a ruwan ƙanƙara. Ya sa ta rantse ba za ta gaya mini ba, don kada in bar makaranta. Ta ce ita ba ta san lamba ba, ba ta kuma zaci za a sayar da bindiga da ramin a jiki ba. Sannan ta ce ke kika riƙe masa katakon yana gogawa, ke kika gama shi da samfefa, takardar nan mai yashi, saboda hannunsa ya gaji.

Ban gama cin abincin ba. Na tuƙa mil arba'in zuwa gidan Orrin, na same shi yana yanke ciyawa. Da ya ji, sai ya cire hula ya zauna a kan matakala. Ya ce ranar da na ba shi sabon katakon ya ɗaura, tsohon kuma ya jefa a murhun garejinsa tare da guntayen itace, don ni na ce abin kunya ne. Na buɗe murhun na sa hannu a toka kamar mahaukaci. Ko ɓurɓushi babu. Ya shiga ya ɗauko bindigar, muka je aka cike takardun mallaka washegari, ya ƙi karɓar ko sisi. Ban ga laifinsa ba, shawarar gwani ya bi.

Yanzu tana cikin kabad, ta goma sha biyar a layi, tsaf da ita, ba ta da bambanci da 'yan'uwanta. Abin da na ce ina so ke nan, na samu. Connie ta ce in sa a fafe wani katakon, na ce mata wannan yatsana zai zama, ba nasa ba.

Ina jin haushinki, Yaya, ba zan ɓoye ba. Baba ya rasu shekara goma sha shida, alkawarin me kuma kike tsarewa? Kin zauna a ɗakin nan, kin ga kabad ɗin, kin tsokane ni, alhali kalma ɗaya ta isa: nemi mai rami. Amma haushin kaina ya fi. Abin da ban gaya wa Mama ba shi ne, da na ɗauki bindigar a teburin dattijon, yatsana ya faɗa ramin nan ya zauna daram, ban taɓa riƙe wadda ta yi mini daɗi haka ba. Kin san hannuna irin nasa ne, har lanƙwasar ta fara. Na ji, na sani, amma na buɗe baki na kira shi sakarai a gaban mutane don a rage mini kuɗi.

Ki gaida Russ, ki gaida Tessa da Cody, ki ce kawunsu yana nan. Connie da Mama suna gaishe ki. Ba na neman ki ba ni haƙuri. Ki rubuto mini labarin ranar kawai: abin da ya ce, inda ya zauna, ko ya ambaci sunana. Ke kika tsaya kusa kika ga hannun nan yana aiki, ni minti biyar aka ba ni na riƙe aikinsa, na ajiye na tafi shan kofi.

Ƙaninki,
Lowell