Jaririyarka Tana Jiran Suna

Zuwa ga ɗana Orkuma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya, aikin walda kuma yana tafiya a Fatakwal. Allah ya tsare maka idanunka daga wutar nan da kake wuni da ita. Mu nan Adikpo lafiya lau, sai gwiwar babanka da ta ƙi jin magani. An gama haƙar doya, ta yi kyau bana, lemon bayan gida kuwa har reshe ya karye.

To, ka san ba lemo ya sa gwaggonka ta ɗauki biro ba. Wata uku ke nan da matarka Hembadoon ta haihu, kuma tun da aka tura maka hoto ka daina ɗaukar wayarta. Har yau yarinya ba suna, "Jaririya" muke ce mata kamar ba ta da uba. Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma ranar da ungozoma ta miƙo min ita na ga zabiya ce, fara sol har gashin ido, gabana ya faɗi. Don haka ban zo zaginka ba, na san kai ma ciwo kake ji. Amma maganar banzar da aka kai maka, wai 'yar wani baƙo ce cikin masu aikin hanya, ta ƙona min rai. Haba Orkuma, matar da ko kasuwa ba ta zuwa sai da ƙanwarka? Malamar asibiti ta zaunar da mu ta ce abin a jini yake, daga wajen uba da uwa duka, yakan ɓuya shekaru kafin ya fito.

Jiya Lahadi aka yi godiyar haihuwa a majami'a. Hembadoon ta roƙe ni a ɗaga, na ce ba inda za a ɗaga, wa muka kashe? Wa'azin ranar kuwa a kan halitta ne. Fasto ya bi su ɗaya bayan ɗaya, haske da ruwa, kifi da tsuntsu, har mutum, ya ce babu abin da ya kasance ba da hannun Allah ba, kuma da ya gama ya duba aikinsa duka ya ga ya yi kyau. Kowa ya ce amin da ƙarfi, har da masu gulmar. Sai aka buga ganga, mai jego ta fito da rawa zuwa gaba. Ka san dangin miji ne ke bin bayanta da doya da kaza, in ba su tashi ba kowa ya gane abin da ake nufi. To, mazan gidanmu sai kallon takalmansu suke yi. Na tashi da kazata, amma ni matar wani gida ce, tashina ba ya wanke ta. Haka Hembadoon ta ci gaba da tafiya, ba namiji ko ɗaya a bayanta.

Sai ga babanka ya dogara sanda ya miƙe da ƙatuwar doya a hammata. Ya ɗaga wa makaɗa hannu suka tsaya, ya ce, "Fasto, wanda ya yi duk abubuwan nan da ka lissafa, ranar da za a yi jikata hutu ya tafi ne, ko kwangila ya bayar?" Wasu suka fashe da dariya, ni kuwa kuka na yi. Ya juya wajen ƙannensa ya ce, "Ku tashi, jininmu ce." Suka tashi sumui-sumui.

Da aka fito, ya cire zanensa na saƙi mai baƙi da fari ya lulluɓe jaririyar saboda rana. A nan ya gaya mana cewa innarmu tana da wa zabiya, wanda aka ɓoye a bukkar gona har ya mutu, shi babanka ke kai masa abinci yana yaro. Ni da nake ƙanwarsa ban taɓa jin wannan ba sai jiya. Ya ce ba za a sake yin haka a gidansa ba yana da rai. Fasto ya tambayi sunan da zai rubuta a katin baftisma, babanka ya ce raɗin suna naka ne, ba zai ƙwace maka ba. Haka aka bar wurin babu komai, baftismar kuwa Lahadi ta biyu cikin watan gobe ce.

Ka gaishe min da Terngu ɗan kawunka da matarsa Ngodoo. Babanka da ƙanwarka Iveren suna gaishe ka. Hembadoon ba ta san ina rubuta maka ba, ban so in sa mata rai. Amma ka sani, kullum da safe sai ta goya jaririyar ta kai wayarta caji bakin hanya, alhali ba mai kiranta a wayar nan sai kai.

Ni ce gwaggonka mai yi maka addu'a,
Nguveren